Yadda Hassana Ta Kai Nonon Uwarta Jami'a

Hassana ba ta taɓa zama a ajin jami'a ba, amma da wuya a sami ɗalibin kimiyya da ya gama karatu a Kalgo cikin 'yan shekarun nan wanda aikinsa bai bi ta hannunta ba. Shagonta na nan kan hanyar jami'a, tsakanin mai sayar da katin waya da mai gyaran babur. Kwamfuta biyu ne a ciki, sai firinta, da injin fotokwafi mai saurin ɗaukar zafi, da janareton da sai an lallashe shi yake tashi. A nan take buga wa ɗalibai furojet, wato binciken da kowannensu ke rubutawa a shekarar ƙarshe kafin a sallame shi.

'Yar Wurogauri ce, gidan Fulanin da suka daɗe da barin yawo suka kama noma, suka bar 'yan shanu a bayan gida. Mahaifinta ya rasu tana sakandare. Mahaifiyarta, Inna Dije, da tallar nono ta ƙarasa rainon su, ita da yayanta Atiku. Da ta gama makaranta ta koyi kwamfuta a Birnin Kebbi, ta auri Ɗanjuma, mutumin Gwandu, direban tasi mai jigila tsakanin Gwandu da Birnin Kebbi da Kalgo. Shi ya kama mata shagon, yana ganin ya samar mata abin da za ta riƙa yi ta huta da zaman gida. Bai san me ya jawo wa kansa ba.

Masu buga takardu da yawa idonsu ne ke kan takarda, hankalinsu na can wani wuri. Hassana ba ta iya haka ba. Duk abin da ta buga sai ta karanta, duk abin da ta karanta sai ta so ta gane. In ta ci karo da wata doguwar kalma sai ta dakata ta ɗaga kai ta tambayi mai aikin.

Wasu su yi mata bayani, wasu su ce, "Anti, don Allah ki buga kawai, malam na jirana."

Akwai ma waɗanda in ta tambaya sai ta ga su kansu sun fara sosa ƙeya. Wata shekara wani ɗalibi da ya gama ya bar mata wani tafkeken littafin ilimin ƙananan halittu, don ya yi masa nauyi a jaka. Bangonsa ya cire, an yi masa zane-zane da biro kala-kala. Ta haɗa shi da ƙamus ɗin Turanci ta ajiye ƙarƙashin tebur. In aka ɗauke wuta, janareto kuma ya ƙi, sai ta jawo su ta yi ta fama, layi bayan layi, tana bin kalmomi da ɗan yatsa.

Abin da ta karanta kuwa bai bar ta ta zauna lafiya ba. Wannan ɗalibi ya gwada ruwan leda ya sami ƙwayoyin cuta. Wancan ya gwada tsire ya samu. Wata ta gwada zoɓo da kunun aya, wata latas da kabeji, wani ma fuskar wayar hannu ya goga da auduga ya kai ɗakin gwaji, ya sami abin da ya samu. Kuma kowane furojet, ko na wane ne, da magana ɗaya yake ƙarewa: ya kamata a wayar da kan jama'a. Ta buga wannan jimla har yatsunta sun haddace ta. Daga nan a yi wa aikin bango mai kauri, a rubuta suna da ruwan zinari, a kai ofis a jera.

Ta kan ce, "Wai wa za ya wayar da su? Ku kun rubuta da Turanci kun rufe. Mai kunun aya na can tana damawa da ruwan da ta saba."

Tunda ba ta ga mai yi ba, sai ta fara daga gidanta. Ruwan sha sai an tafasa. Latas sai ya sha gishiri ya sha wanki har ya yi laushi kamar an dafa. Ta hana sayen zoɓon ƙulli. Ɗanjuma mutum ne mai haƙuri da son raha, amma har shi ya kai maƙura ranar da ya shigo da tsirensa mai zafi a takarda, ta karɓa ta juye a tukunya ta sake ɗorawa a wuta.

Ya ce, "Maman Sadiƙ, wanga kuma mi ne ne? Tsire na sayo, ba farfesu ba."

"Ka san hannun da ya yanka albasar?"

"Na san shi mana. Shekara nawa muna gaisawa da hannun nan."

"To, ka ji."

Tun daga ranar bai ƙara shigowa da tsire gida ba. Can tashar Gwandu yake cinye abinsa ya goge baki. Ta sani sarai, don warin ƙuli-ƙuli ba ya ɓuya a riga.

Ana nan, wata damina, sai ga wata ɗaliba mai suna Mufida, 'yar Gwandu, siririya mai gilashi, ta zo a buga mata babin farko. Bincikenta a kan nono ne da ruwan da masu nono ke aiki da shi. Ta zauna kan benci tana ƙorafi: ta zagaya kasuwa da farar rigarta ta ɗakin gwaji da safar hannu da ƙaramar kula, masu nono na hango ta sai su rufe ƙwarya da faifai su kau da kai. Ba wadda ta yarda ta kai ta gida ta ga inda ake haɗawa.

Hassana ta bar bugun ta juyo. Abin da ta daɗe tana jira ke nan, a ce yau ga bincike ya zo ƙofar gidansu.

Ta ce, "Cire farar rigar nan ki sa hijabinki. Ran Asabar ni zan kai ki wurin Innata."

Da hantsi suka isa Wurogauri. An yi ruwa da asuba, gero ya kai ƙugu, hanya duk taɓo. Inna Dije ta tarbe su da murna, ta shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dogonyaro. Da Mufida ta fito da 'yan kwalabenta ta ce ɗan kaɗan take so, tsohuwar ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ɗiyata, wanga ko kyanwa ba ta ƙoshi da shi. Aje kwalbarki ki sha na kirki tukuna."

Ta ciko ƙwarya da kindirmo ta dama da fura. Hassana na kallo Mufida, mai karatun ƙwayoyin cuta, ta kafa kai ta shanye tas har tana lashe ludayi. Ita kuwa Hassana ta ce ta ƙoshi. Inna ta dube ta ta gefen ido.

Mufida ta ɗebi nonon da ya kwana bai ga ruwa ba, ta ɗebi wanda aka sirka don kai wa kasuwa, sannan suka gangara rijiya. Rijiyar na cikin kwari ne, ƙasa da turken shanu. Bakinta daidai yake da ƙasa, itace biyu kawai aka gitta. In aka yi ruwan sama, duk abin da ya kwaranyo daga turke nan ya nufa. Hassana ta sha ruwan rijiyar nan tun tana rarrafe, amma ranar ce ta fara yi mata kallon tsoro.

Bayan wasu makonni Mufida ta kawo babi na huɗu, inda sakamako yake. Hassana ta buga rabi ta tsaya ta sake karantawa, ta jawo littafinta ta duba, sannan ta sa Mufida ta yi mata bayani da Hausa. Nonon da bai ga ruwa ba lafiyarsa lau, tsaminsa ma na hana miyagun ƙwayoyi sakewa. Matsalar ruwan ce. An sami wata ƙwaya mai suna E. coli da yawa a ciki, wadda mazauninta hanjin mutum ne da na dabba. In aka gan ta a ruwa, to kashi na shiga ruwan. Nonon da aka sirka da shi, da ƙwaryar da aka wanke da shi, duk sun kwasa.

Hassana ta ce, "Yaushe za ki koma ki gaya wa Inna?"

Mufida ta gyara gilashi. "Anti, wallahi mako mai zuwa zan kare aikin gaban malamai, daga nan sai shirin bautar ƙasa. Amma na sa a shawarwari."

"Inna na karanta shawarwari?"

Yarinyar ta ce in ta sami sarari za ta je. Hassana ta san ba za ta samu ba. Ran Juma'a ta rufe shago da wuri ta hau babur sai Wurogauri.

A hanya ta tsara maganarta tsaf: za ta fara da yabon nonon, ta gangaro kan rijiya a hankali. Amma da ta shiga gida ta tarar da Inna tsugune tana wanke ƙore da ruwan nan, ga wata jarka cike tana jiran a sirka nonon gobe, sai duk tsarin ya watse. Ba ta ma kula da cewa Goggo Safiya, maƙwabciyarsu wadda ita ma nono take sayarwa, na zaune bakin ɗaki tana tsinke zogale ba.

Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Inna, ki bar zuba ruwan nan cikin nono. Sakamako ya fito. Akwai kashi a ciki."

Inna Dije ta ɗago a hankali. "Cikin mi?"

"Cikin ruwan, Inna. Kuma in kin sirka yana shiga nonon."

"Wato baƙuwar da kinka kawo min, na ba ta fura ta sha ta ƙoshi, ita ta je ta rubuta ni ƙazama ce."

"Ba wanda ya ce ke ƙazama ce. Rijiya ce…"

"Ni da nike ƙona ƙwaryata da rana, nike rufe ta da faifai biyu? Tun ba a haife ki ba nike nono, wa ya taɓa cewa ya sha ya kwanta?"

Hayaniya ta jawo Atiku daga turke, da igiya a kafaɗa. Da ya ji zancen ya ce rijiyar nan Baffa, mahaifinsu marigayi, ya gina ta da hannunsa, kowa a gidan da ita ya girma. Ya ɗebo ruwan a kofi ya ɗaga wa rana.

"Nuna min shi. Ina kashin?"

"Hamma, ba a ganin shi da ido."

"To da mi anka gan shi?"

Ta fara bayanin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, da faranti da ake shuka ƙwayoyin a kai su tsiro. Atiku ya shanye ruwan kofin a gabanta ya ce alhamdu lillahi. Nan ranta ya ɓaci, bakinta ya riga hankalinta. Hassana 'yar tagwaye ce. Usainarta gudawa ta ɗauke ta tun ana yaye su, kuma ba a zancen a gidan.

Ta ce, "Kowa ya girma da ita? Usaina fa?"

Inna Dije ta kife ƙwaryar da ke hannunta, ta miƙe ta shiga ɗaki ta saki labule. Goggo Safiya ta tattara zogalenta ta ce bari ta je ta duba tukunya. Hassana ta tsaya bakin ƙofa ta yi ta ba da haƙuri, ba a amsa mata ba. Ta koma Kalgo tana jin haushin kowa, ta fi jin na kanta.

Kafin kasuwa ta sake ci, magana ta zagaya. Ba kuma maganar rijiya ba. Abin da aka ji shi ne jami'a ta auna nonon Dije ta sami cuta, kuma 'yarta ta cikinta ce ta faɗa. Matan da suka shekara suna saye a wurinta suka riƙa wucewa suna gaishe ta daga nesa. Mai fura da ke karɓar ƙwarya guda kullum ya ce ya sami wata. Inna ta riƙa dawowa da nononta kamar yadda ta fita da shi, har ta daina fita.

Wata rana Ɗanjuma ya dawo daga Gwandu yana girgiza kai. Fasinjojinsa ne suka yi ta zancen tun daga tasha, ba su san surukarsa ake nufi ba. A bakinsu har mutum biyu sun mutu, kuma gwamnati na shirin zuwa ta kwashe shanun garin.

Hassana ta ce, "Ka gaya musu ƙarya ne?"

"Na ce ni ban ji haka ba. Sai wani dattijo ya ce ai ɗan ƙanensa na aiki a jami'ar, shi ya gani da idonsa."

"Rijiyar fa? Wani ya ambaci rijiya?"

"Wace rijiya?"

Ta dafe kai da hannu biyu. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan: an guji nonon da ba shi da laifi, ana nan ana ta shan ruwan. Har Goggo Safiya, wadda cinikin Inna ya koma hannunta, daga rijiyar nan take ɗiba. Ta kira wayar Atiku ta ce a ba Inna, ya ce Inna na salla. Ta sake kira da la'asar, Inna na salla. Ko yaushe ta kira, Inna na kan sallaya.

Malamar da ta duba aikin Mufida, Dakta Halimatusa'adiya, ta kan zo shagon buga takardunta. Babbar mace ce, ita ma 'yar Gwandu, ba ta da yawan magana. Ranar da ta zo, Hassana ta ajiye kunya ta kwashe labari duka ta gaya mata, har da tsiren da ta mayar farfesu. Dakta ta saurara har ƙarshe, sannan ta nemi ganin littafin da take karantawa. Ta juya shi ta ce littafi ne mai kyau, ko da ya tsufa.

"Amma na ga babin cututtuka kaɗai ya yi datti. Sauran ba ki taɓa su ba."

Hassana ta ce ai su ne masu muhimmanci.

Dakta ta ce, "A'a. Mafi yawan halittun nan ba ruwansu da ke. Wasu ma ba ki rayuwa sai da su, cikinki cike yake da su yanzu haka. Nonon Innarki in babu su madara ce kawai za ta ruɓe. Ɗan tsohon nonon da take zubawa cikin sabuwar madara, su take shukawa. Daddawa su ne, ƙullun masa su ne, ƙasar gona su ne. Ke kin karanta rabi kin tsorata, kin je kin tsorata wasu. Sannan sakamakon ɗaliba guda ba hukunci ba ne, alama ce ta a gyara. Kuma ba a faɗa wa mai sana'a irin wannan gaban abokiyar sana'arta."

Hassana ta ji maganar har cikin ƙashi. Ta ce, "To yanzu ya zan yi, Dakta?"

"Mu ne muka ɗebo nonon, mu ya kamata mu mayar da bayani. Ranar Lahadi ki raka ni."

Dakta ba ta je da farar riga ba. Atamfa ta ɗaura, ta riƙe goro da sabulu. Ta gaida Inna Dije da 'yar Fulatancin da ta iya, ta ba ta haƙuri a kan yadda saƙo ya iso mata a karkace. Matan unguwa suka cika gidan, don an ga mota. A gabansu ta nemi a ba ta kindirmon da bai ga ruwa ba, ta sha, ta nemi ƙari. Ta ce nonon nan ba shi da aibi ko kaɗan. Sannan ta yi bayanin rijiya dalla-dalla: a ɗaga bakinta da bulo, a yi mata murfi, a karkatar da ruwan turke, kafin nan kuma duk ruwan da zai taɓa nono ko ƙwarya a tafasa shi. Duk abin da Hassana ta so faɗa ne tun farko, sai dai ita Dakta an saurare ta har da gyaɗa kai.

Atiku ya ce, "Gaskiya ne, Hajiya. In Allah ya kai mu kaka za a yi."

Da za su tafi, Hassana ta durƙusa gaban Inna ta ce ta yafe mata abin da ta faɗa. Tsohuwar ta ce, "Usaina kwananta ne ya ƙare. Tashi, kar ki sa baƙuwa jira." Ta miƙo mata ƙullin man shanu ta ce a kai wa mai gida.

Hassana ta ɗauka magana ta daidaita. Ashe juyawa kawai ta yi. Ba a jima ba labari ya bazu cewa babbar likita ta zo da mota takanas daga jami'a, ta sha nonon Dije ta ce duk Kabi babu irinsa. Da ya isa Gwandu ya zama maganin gyambon ciki. Wani ya ce har hawan jini yake saukarwa. Inna ta koma kasuwa, kafin azahar ƙwaryarta ta ƙare. Har Ɗanjuma fasinjoji suka riƙa ba shi saƙon galan, da suka gano surukarsa ce.

Hassana ta ce masa, "Ka gaya musu ba magani ba ne. Nono ne kawai mai kyau."

"Na faɗa. Sun ce ɓoyewa nike don kar ya ƙare."

Abu ɗaya dai ya canja. Da ta je gida ta tarar da tukunya kan murhu, Inna na ɗauraye ƙore da ruwan zafi, wanda za a sirka da shi ma an tafasa an rufe. Daɗi ya kama ta, ta ce, "Inna, kin ga abin da nike faɗa ke nan."

Inna ba ta ko ɗago ba. "Wa ya ce don maganarki ce? Ruwan zafi ya fi fidda maiƙo."

Kaka ta zo, aka yanke gero aka ɗaure, aka kai rumbu. Rijiya na nan yadda take. Hassana ta tuna wa Atiku, ya ce bari a gama da wake. Aka gama da wake, ya ce magini ya tafi Jega. Magini ya dawo, ya ce ai yanzu rani ne, ba ruwan da ke kwaranyowa, a bari damina ta matso. Ta ce ita za ta kawo siminti. Ya ce ba a kan siminti ba ne, shi ba ya son a taɓa aikin Baffa da gaggawa. Ta yi magana da daɗi, ta yi da faɗa, ta aika Ɗanjuma, ta haɗa shi da limamin garin. Kowa ya je sai Atiku ya ce gaskiya ne, za a yi.

Ruwan farko na sabuwar damina ya sauka da ƙarfi. Gefen rijiyar ya jiƙe ya zabge. Da safe ana kora shanu, wata maraƙa ja, 'yar saniyar da Atiku ya fi ji da ita, ta matsa shan ruwan da ya kwanta a bakin, ƙasa ta tafi da ita. Gari ya ɗauki ihu. Aka zura wani saurayi da igiya, aka ɗaure ta ta ƙirji, maza suka yi ta ja har aka fito da ita da rai, ƙafar baya ta karye.

Makon bai ƙare ba Atiku ya kira magini. Da Hassana ta zo ta tarar an yashe rijiyar, an ɗaga bakinta har ƙugun mutum, an shafe da siminti, an yi murfin ƙarfe mai kuba, har da 'yar kwata da ke kai ruwan turke can wani gefe. Aiki ya yi kyau fiye da yadda Dakta ta kwatanta. Atiku na tsaye gefe yana murmushi, yana jiran yabo.

Ta zagaya rijiyar ta dawo ta tsaya gabansa. "Hamma, shekara guda ina magana. Na kawo ɗaliba, na kawo Dakta, na ɓata da Inna, na zama abin zance har Gwandu. 'Ya'yanka na shan ruwan nan kullum. Ba ka motsa ba sai da maraƙa ta faɗa?"

Ya ce, "To ai ita maraƙa ana ganin ta."

Inna Dije da ke zuwa da guga ta ce su matsa mata hanya in sun gama.

Da zai raka ta bakin hanya, Atiku ya rage murya ya ce tunda dai tana karance-karance, ta duba masa wani abu. Shanunsa biyu na ramewa ko da ciyawa ta samu, ƙasan haɓarsu na kumbura kamar an cusa ruwa. Ta ce littafinta ba na shanu ba ne. Ya ce to mi ne amfaninsa. Ta hau babur ta tafi.

Amma abin ya tsaya mata a rai. Da wani ɗalibin sashen kiwon dabbobi ya zo buga aikinsa, ta tsare shi da tambaya har ya ara mata littafinsa na kwana biyu. Ta yi ta bi da ƙamus tsakanin masu fotokwafi, har ta kai kan ciwon hanta na shanu da tumaki: wata tsutsa ce mai faɗi, 'ya'yanta na girma a jikin ƙananan dodon koɗi na wuraren da ruwa ke kwanciya, su maƙale a ciyawa, dabba ta ci. Ramewa, kumburin haɓa, duk ga su a rubuce. Wannan karon ta karanta babin har ƙarshe, ta koma ta sake, ta kuma tambayi ɗalibin, ya ce zai iya zama shi, amma sai likitan dabbobi ya duba. Atiku kuwa a fadama yake kiwo tun da ta san shi.

Ta ɗauki waya ta kira shi. Ta yi sallama, ta tambayi Inna, ta tambayi ƙafar maraƙa, ta bi a hankali yadda aka koya mata. Sannan ta ce ya kira likitan dabbobi ya duba shanun nan, kuma kafin nan ya ɗan janye su daga gefen fadamar da ruwa ke kwanciya.

Atiku ya ce, "Fadama? Fadamar da Baffa ya yi kiwo?"

"Ita, Hamma. Ka saurara in gaya maka dalili."

"Alo? Hassana? Ba ni jin ki, sabis ba kyau wurin ga."

Tana jin kukan shanunsa tar a wayar, har da ƙarar ruwan da suke takawa. Ta kashe, ta ajiye wayar kan tebur ta yi tagumi. Ɗalibar da ke zaune kan benci tun ɗazu ta ce, "Anti, don Allah babi na uku." Hassana ta ce ta ba ta minti kaɗan. Ta kira Ɗanjuma ta ce ran Asabar kar ya ɗauki fasinja da safe, akwai likitan dabbobin da za su kai Wurogauri.